Titin Aljanna da Maƙwabtansa

A tsakiyar birnin Liverpool na ƙasar Ingila, 'yar tafiya kaɗan daga bakin kogin Mersey, akwai wani titi mai suna Paradise Street, wato Titin Aljanna. Yau manyan kantunan tufafi da na takalma ne jere a kansa. Shekara 150 da suka wuce kuwa, babu uwar da za ta so ta ji an ce an ga ɗanta a can bayan faɗuwar rana. Mashaya na bin mashaya, gidan kwanan matuƙan jirgi na jingine da gidan karuwai, ga masu karɓar jingina, ga 'yan sane. Wanda ya raɗa wa titin suna bai yi da gatse ba. Injiniya ne, Thomas Steers, ya ɗauko sunan daga wani titi da ya taɓa zama a unguwar Rotherhithe ta Landan. Gatsen daga baya ya shigo, kuma matuƙa ne suka kawo shi. Mutumin da ya yi wata huɗu a teku yana cin busasshen biskit mai tsutsa da naman gishiri, duk inda aka ba shi abinci mai zafi da gadon da ba ya lilo, ba zai yi gardama da sunan ba.

Sunayen garin nan sun iya rufa asiri. Can sama da tudu akwai Hope Street, Titin Fata, wanda manyan majami'u biyu suka sa a tsakiya, ta Katolika a wannan kai, ta Angilika a wancan. Baƙo zai ɗauka fatan samun rahama ake nufi, alhali sunan wani attajiri ne, William Hope, da ya yi gida a wurin tun kafin a haƙa harsashin ko ɗaya daga cikinsu. Wanda yake son sanin tarihin tsoffin mashayu da otal-otal na Liverpool, dole ya koyi karanta allon ƙofa da ido biyu: ɗaya a kan abin da allon ya faɗa, ɗaya a kan abin da aka yi a bayansa.

Tushen komai shi ne ruwa. Mersey kogi ne mai wuyar sha'ani, yana hawa yana sauka da kusan mita 10 idan teku ta cika, jirgin da ya tsaya da safe sai a iske shi kwance cikin taɓo da yamma. A 1715 aka buɗe wani ƙaton kwarmi da Steers ya gina, mai ƙofofi da ke riƙe ruwa, jirage su yi ta shawagi a ciki ana sauke musu kaya ko da kogin ya janye. Daga nan gari ya buɗe. Ƙauyen da mutanensa ba su wuce 'yan dubbai ba a 1700 ya kai kusan mutum 376,000 a 1851. Kowane jirgi da ya shigo yana zubo maza masu ƙishi da albashin watanni a aljihu, ba su da gida, ba su da dangi a garin. A 1830 majalisar dokokin ƙasar ta ƙara wa wutar mai: duk mai biyan harajin gida da ya ba da fam 2 da sule 2, zai iya mayar da falonsa wurin sayar da giya. Cikin makonni ɗaruruwan irin waɗannan gidaje suka buɗe a Liverpool. Kalmar da Turawa ke kiran mashaya da ita, pub, guntuwar wata doguwa ce mai nufin gidan jama'a, kuma a wancan zamani gida ne na gaske, da matar gida a bayan kanta da 'ya'yanta a saman bene.

Wadda ke iƙirarin ta fi kowa tsufa tana cikin wani siririn lungu, Hackins Hey, ta rubuta 1726 a goshinta. Sunanta Ye Hole in Ye Wall, Ramin Bango. Ma'ajiyar gangunanta a sama take maimakon ƙarƙashin ƙasa kamar na sauran, kuma abin da ake faɗa shi ne an gina ta a kan tsohuwar maƙabartar mabiya ɗariƙar Kweka, ba a so a tona. Ba ta yarda mata sun shiga ba sai da dokar hana wariyar jinsi ta 1975 ta tilasta mata. Ita kuwa wannan "Ye" da ke gaban sunan, kwalliyar tsufa ce. Asalinta wani tsohon harafin Ingilishi ne da masu buga littattafai na farko ba su da shi, suka musanya shi da wanda ya yi kama da shi. Daga baya masu mashaya suka gane tana jawo ciniki. Ye Cracke da ke Rice Street, inda John Lennon yakan zauna yana ɗalibin zane, ginin ƙarni na 19 ce, sunanta na farko ma Ruthin Castle. Furfurar aro ta ɗaura.

Ba gidajen giya ne suka ɗauki laifi mafi nauyi ba. A ƙarni na 18 manyan 'yan kasuwa a gidajen shan gahawa suke haɗuwa, wuraren da ake ɗauka na masu mutunci, inda ake karanta jarida, a yi inshorar jirgi, a yi gwanjo. A 1766 aka yi tallan sayar da 'yan Afirka 11 a Exchange Coffee House da ke Water Street, 'yan taku kaɗan daga zauren majalisar gari. Tsakanin 1699 da 1807 jiragen Liverpool sun yi tafiyar cinikin bayi kusan 5,000, suka kwashe mutum kimanin miliyan 1.5 zuwa nahiyar Amurka. Garin bai ji kunyar abin ba a lokacin. Manyan sito-sito da ya gina a bakin ruwa a 1793 ya sa musu suna Goree, sunan tsibirin nan na gaɓar Senegal. Sai a 1999 majalisar birnin ta nemi gafara a hukumance.

Talakan matuƙi shi kuma yana da nasa mai cin amanar, kuma a gidansa yake kwana. A zangon fatake, fatoma yakan sauki baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya ci ladarsa. Arzikinsa ya dogara ga baƙon ya dawo baɗi. Mai gidan kwanan matuƙa a Liverpool duk yana yin waɗannan, sai dai shi baƙon ne hajarsa. Tun jirgi bai gama ɗaure igiya ba yaransa sun hau da kwalba a hannu, su ɗauki akwatin mutum, su ja shi gida. A ba shi ɗaki, a ba shi bashi, a yi ta zuba masa har albashin ya ƙare. Ranar da aljihu ya bushe sai mai gida ya nemo masa wani jirgin. Kamfani yakan ba wa sabon ma'aikaci takardar albashin wata guda tun kafin tashi, wadda ba ta zama kuɗi sai jirgi ya bar gari da shi a ciki. Mai gida ke karɓe ta, ya ce ta bashi ce, ya sallame shi da katifar ciyawa da kwanon sha da wuƙa. Wannan watan farko da mutum zai yi yana aiki a banza, matuƙa suna kiransa mataccen doki. Ranar da ya cika sukan ɗinka doki da tsumman filafilai, su ja shi a kan jirgi suna waƙa, su ɗaga shi sama su sake shi cikin teku.

Cikin masu gidajen nan babu wanda labarinsa ya bazu kamar Paddy West, wanda gaskiyarsa da almararsa suka cakuɗe har ba a iya raba su. An ce idan jirgi na neman ƙwararru kuma babu, sai ya kamo duk wanda ya samu a titi ya koya masa aikin teku a tsakar gida cikin kwana biyu. Matarsa ta watsa wa mutum bokitin ruwan sanyi, ya san igiyar ruwa ke nan. A shimfiɗa igiya a ƙasa ya tsallake, ya ƙetare layin tsakiyar duniya ke nan. A ɗora ƙahon sa a kan tebur ya zagaya shi sau uku, don idan kyaftin ya tambaye shi ya rantse cewa sau uku yana zagaya Ƙaho, sunan da matuƙa ke kiran ƙarshen kudancin nahiyar Amurka, inda teku ta fi ko'ina cin mutane. Ba ƙarya a bakinsa ko ɗaya. Abin dariya ne a mashaya, amma ba dariya ba ne ga waɗanda za su hau dogon itacen jirgi cikin dare da guguwa tare da mutumin da bai taɓa riƙe igiya ba. Herman Melville, wanda ya zo garin yana ƙaramin matuƙi a 1839, ya kwatanta waɗannan unguwanni a littafinsa Redburn na 1849, kuma bai yi musu da sauƙi ba.

Masu jirage da masu wa'azi sun yi ƙoƙarin ƙwace matuƙi daga hannun waɗannan mutane. A 1846 Yarima Albert, mijin Sarauniya Biktoriya, ya aza harsashin Sailors' Home a Canning Place, aka buɗe a 1850. Sun kira shi Gidan Matuƙa, da kalmar da Bature ke kiran gidansu na haihuwa. A ciki akwai wurin ajiyar kuɗi, akwai gado mai tsabta, an jera ƙananan ɗakuna hawa-hawa kewaye da fili, da shingen ƙarfe kamar cikin jirgi. Akwai kuma doka da lokacin rufe ƙofa, shi ya sa da yawa suka gwammace a cuce su a waje da a tsare su a ciki. An rushe ginin a tsakiyar shekarun 1970. Ƙofarsa ta ƙarfe mai zanen 'yan ruwa da igiyoyi ta tsira, don tun 1951 aka kai ta wata masana'anta a Smethwick kusa da Birmingham. A 2011 aka dawo da ita aka kafa a tsakiyar masu sayayya, ƙofa tsaye babu gida a bayanta.

Akwai wasu baƙin da ba su zo don zama ba. Tsakanin 1830 da 1930 mutum kusan miliyan 9 suka bi ta Liverpool zuwa Amurka da Kanada da Ostareliya, daga Ailan da Jamus da Suwidin da Rasha. A 1847 kaɗai, da yunwar dankali ta tsananta, kimanin 'yan Ailan 300,000 suka sauka. Kowa sai ya jira jirgi, wani kwana biyu, wani mako biyu, kuma 'yan kamasho na tsaye a bakin ruwa suna fizgar kaya suna kai mutane gidajen da ake cusa su kamar buhuna. Mashayar Pig and Whistle da ke Chapel Street ta shahara da wani ɗan allon tagulla mai kalma biyu, yana sanar da masu ƙaura cewa ana sayar da guzuri a nan, daga zamanin da fasinjan ƙasan jirgi ke tafiya da abincinsa.

Kuɗin da aka tatsa daga duk waɗannan mutane ya taru a hannun masu dafa giya, su kuma suka shiga neman abin da kuɗi ba ya saye kai tsaye. Andrew Barclay Walker ya zama magajin gari, ya gina wa birnin gidan adana zane-zane da har yau ke ɗauke da sunansa, aka buɗe a 1877, a shekarar kuma aka ba shi sarautar Sir. Masu yaƙi da shaye-shaye suka soki abin. Robert Cain, wanda aka haifa a yankin Cork na Ailan a 1826, ya fara ne da aikin gyaran ganguna a jirgin da ke ɗauko manja daga Afirka ta Yamma. Kafin ya mutu a 1907 yana da mashaya wajen 200. Shi ya sa Walter Thomas ya zana masa fadar da aka gina a Hope Street tsakanin 1898 da 1900, aka kira ta Philharmonic Dining Rooms, wato ɗakunan cin abinci, aka kuma aro sauran sunan daga zauren kiɗan da ke tsallaken titi. Babu inda allon ya ambaci giya. Ƙofarta ƙarfe ce da tagulla mai ruwan zinariya, bangon ciki katako ne sassaƙaƙƙe da farantan jan ƙarfe, tagogi masu launi, ƙasa an jera ta da ƙananan duwatsu. Abin da ya fi jan baƙi, a yi haƙuri, shi ne bayan gidan maza, wanda aka ƙawata da dutse mai launin hoda har mata ke neman izini su leƙa. Ƙananan ɗakuna biyu suna ɗauke da sunayen mawaƙan Turai, Brahms da Liszt, waɗanda idan aka haɗa su a zaurancen Landan suna nufin mutum ya yi tatul. A 2020 hukuma ta sa ginin a sahun farko na gine-ginen tarihi, sahu ɗaya da fadar Buckingham.

Da yawa cikin waɗannan fadoji sun kira kansu otal ko da kwana ba shi ne cinikinsu ba, kamar Crown Hotel ta 1905 a Lime Street. Kalmar daga Faransanci ta shigo, tana da ƙanshin manya, sai kowane mai kanta ya so ya rataya ta. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda a bakinsa ma an daɗe ba a jin daɗin a ce wane ya koma zaman otal.

Otal na gaske shi ne Adelphi. Sunan Girkanci ne, 'yan'uwa, an kwaikwayo shi daga wasu gine-gine na Landan da 'yan'uwa huɗu suka yi. James Radley ya buɗe na farko a 1826, kuma a nan Charles Dickens ya sauka a Janairun 1842 kafin ya hau jirgin Britannia zuwa Amurka. Na biyu, na 1876, yana da tankunan ruwan ɗumi a ƙarƙashin ƙasa inda ake kiwon kunkurun teku da rai, ana yanka su ana yin romon da ake aika wa liyafar manya a faɗin ƙasar. Na uku, wanda ke tsaye yanzu, kamfanin jirgin ƙasa na Midland ya gina shi, da bangon marmara da wurin iyo a cikin gida, don masu kuɗin da za su ƙetare Atilantika su kwana kafin su hau. An buɗe shi a 1914, a makare. Kamfanin White Star ya riga ya mayar da manyan jiragensa Southampton tun 1907, yaƙi ya ɓarke 'yan watanni bayan buɗewa, Cunard ma ya bi sahu a 1919. Maƙwabcinsa North Western, mai ɗaki 330, wanda Alfred Waterhouse ya zana aka buɗe a 1871, ya daina karɓar baƙi a 1933.

Jiragen Afirka ta Yamma kuwa ba su bar garin da wuri ba. Kamfanin Elder Dempster ya ci gaba da zirga-zirga tsakanin Liverpool da Firitawun da Takoradi da Legas, yana ɗauko manja da koko da fata da gyaɗar da jirgin ƙasa ke saukowa da ita daga Kano tun 1912. Masu hura wutar injin da masu wanki da yawansu baƙaƙen fata ne, ana biyansu ƙasa da Turawa. Ga su, gidan jama'a bai cika zama na jama'a ba. A watan Yunin 1919, bayan rikici ya tashi a wata mashaya ta Great George Square, 'yan sanda suka faɗa gidajen kwanan baƙaƙe a Upper Pitt Street. Wani matashin matuƙi ɗan Bamuda ya gudu, taro ya bi shi har Queen's Dock, ya faɗa ruwa ana jifansa, ya mutu. Ko sunansa ba a daidaita ba, wasu takardu sun ce Charles Wotten, wasu Wootton. Ɗaruruwan baƙaƙe suka kwana a ofisoshin 'yan sanda don tsira da rai. Shekara 40 bayan haka, a 1959, ma'aikatan Nijeriya na jirgin Apapa suka ajiye aiki a Liverpool saboda wariyar da ake nuna musu.

Da aka rufe musu ƙofofin tsakiyar gari sai suka buɗe nasu a unguwar Toxteth, kuma sunayensu ba su da kwana-kwana: kulob ɗin Nijeriya, na Yarbawa, na Ibo, na Saliyo, na Somaliya. Allon ya faɗi wanda ke ciki da inda ya fito, shi ke nan. Akwai kuma wata ƙofar dabam. William Quilliam, lauya ɗan garin da ya taso cikin ƙungiyoyin yaƙi da giya, ya musulunta a 1887 ya zama Abdullahi, ya fara kiransa a zauren masu ƙauracewa barasa, sannan a 1889 ya buɗe masallaci a Brougham Terrace inda matuƙa Musulmi ke samun wurin salla. Shi ne ya zo Legas a 1894 a madadin Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya wajen buɗe masallacin Shitta-Bey.

Abin da masu wa'azi suka kasa cikin shekara 100, akwatin ƙarfe ya yi shi cikin 10. Bama-baman Jamus na Mayun 1941 sun riga sun share wani yanki na tsohuwar unguwar. Da akwatin, wato kwantena, ya zo, jirgin da kan yi mako biyu a gari ya koma yin kwana ɗaya, aikin ɗaruruwan 'yan dako ya koma hannun mutum kaɗan. A 1972 aka buɗe sabuwar tasha a Seaforth can arewa, aka rufe tashoshin kudu. Mashayun bakin ruwa suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Cikin 'yan kaɗan da suka rage akwai Baltic Fleet a Wapping, ginin shekarun 1850 mai siffar goshin jirgi, tsaye shi kaɗai tsakanin sababbin benaye.

Yanzu tsoffin gidajen ciniki ne ke zama otal. Wani sito a Stanley Dock ya koma Titanic Hotel a 2014, a shekarar kuma hedkwatar White Star da ke James Street ta zama masaukin baƙi da ke tallar kanta da sunan jirgin. An rubuta Liverpool a bayan Titanic don a nan aka yi masa rajista, amma bai taɓa shiga Mersey ba. Garin ya fi son sayar da jirgin da bai gani ba a kan dubban da ya yi arziki da su, kuma ba wuya a gane dalili: a labarin Titanic ƙanƙara ce mai laifi.

Sunan da ya fi kowanne tafiya nesa ma daga mashaya ya fito. A 1879, a Queen's Head Hotel, wata ƙungiyar ƙwallo ta matasan coci ta sauya suna zuwa Everton. Ta koma wasa a filin Anfield a ƙarƙashin John Houlding, mai dafa giya, 'yan wasa suna sauya kaya a mashayarsa, Sandon Hotel, su taka zuwa fili. Rigima ta tashi kan kuɗin haya, ga kuma wasu 'yan kwamitin da ba su son ƙungiyarsu a aljihun mai giya. A 1892 Everton ta tattara ta bar masa fili babu 'yan wasa. Houlding ya kafa sabuwa ya so ya riƙe tsohon sunan, hukumar ƙwallo ta hana, sai ya sa mata sunan gari. Ita ce Liverpool ɗin da ake cika gidajen kallo dominta daga Kano zuwa Damagaram. Sandon tana nan a Oakfield Road, 'yar tafiya kaɗan daga filin, kuma har yau magoya baya na cika ta ranar wasa.